Fim ɗin Umar Mukhtar: shin ya kai yadda ake kambama shi?

Cikin finafinan yaƙi da suka kwana biyu a duniya, da wuya a sami wanda Musulmin Afirka suka riƙe hannu bibbiyu kamar Lion of the Desert, labarin turjiyar mutanen Libiya ga mulkin mallakar Italiya. A ƙasar Hausa ba kowa ma ya san shi da wannan suna ba. Abin da ake cewa shi ne fim ɗin Umar Mukhtar, kuma da zarar an faɗi haka sai a tuna dattijon nan mai farin gemu da tabarau, malamin allo da ya hau doki ya ɗauki bindiga. Tun 1981 ya fito, amma har yau ana kallon sa a waya, ana yanko gutsattsarinsa ana yaɗawa duk lokacin da wata ƙasa mai ƙarfi ta danne mai rauni. Masoyansa na cewa ba a taɓa yin fim a kan turjiya ga mulkin mallaka da ya kama ƙafarsa ba. Masu kushe shi kuwa cewa suke yi farfaganda ce da Mu'ammar Gaddafi ya saya da kuɗin fetur. A ganina fim ɗin ya cancanci sunan da ya yi, sai dai dalilin da ya sa ya cancanta ba shi ne wanda aka fi yabon sa a kai ba, kuma akwai giɓin da ya bari wanda bai kamata ƙauna ta sa mu kau da kai daga gare shi ba.

Kafin a auna fim sai an san abin da ya auku. Italiya ta shigo neman ƙasashen mallaka a makare, bayan Ingila da Faransa sun kwashe na gaba-gaba. A watan Oktoban 1911 ta sauke sojoji a gaɓar Libiya, wadda a lokacin take hannun Turkawa. Turkawan suka sa hannu a yarjejeniya a 1912 suka saki ƙasar, amma masu ƙasa ba su ajiye makami ba. A gabas, wato yankin Barƙa, ɗariƙar Sanusiyya ce ta riƙe ragamar gwagwarmaya, domin ita ce mai zawiyoyi a cikin ƙabilu, ita ke karantarwa, ita ke sasanta rigima, ita ke karɓar zakka. Da Italiya ta ga ba ta iya wuce bakin teku sosai ba, sai ta nemi sulhu, har a 1920 ta amince da Idris Sanusi, shugaban ɗariƙar, a matsayin sarki mai iko da wasu yankunan cikin ƙasa. Hawan Mussolini mulkin Italiya a 1922 ne ya wargaza wannan zama. A ƙarshen shekarar Idris ya fice zuwa Masar, kuma daga 1923 jagorancin yaƙi a tsaunukan Jabal Akhdar ya faɗo a wuyan Umar Mukhtar, wanda a lokacin ya riga ya haura shekara 60.

Yadda ya gudanar da yaƙin shi ne mabuɗin fahimtar duk abin da ya biyo baya. Mayaƙansa ba su da yawa, kuma a ƙananan runduna suke, kowace an jingina ta da wata ƙabila. Su kai farmaki, su noƙe cikin kwazazzabai da dazuzzukan dutse. Abincinsu da harsasansu da labarin motsin abokan gaba duk daga hannun talakawa suke fitowa, har da waɗanda a takarda sun yi wa Italiya mubaya'a. Mutum zai karɓi katin hukuma da rana, da dare ya aika wa ɗan'uwansa da ke kan dutse buhun sha'ir. Wasu kayan kuma ta kan iyakar Masar suke shigowa. Shekara da shekaru Italiya na da jirage da motoci masu sulke, amma ta kasa gano inda mayaƙi ya ƙare, inda makiyayi ya fara.

Sai suka yanke shawarar kwarfe tafkin gaba ɗaya don a kama kifin. A 1930 aka rufe zawiyoyin Sanusiyya aka ƙwace dukiyarsu, sannan aka tattara mutanen karkara kimanin 100,000, kusan rabin al'ummar Barƙa, aka kora su a ƙasa, tsofaffi da mata da yara da dabbobinsu, zuwa sansanonin gwale-gwale a busasshiyar ƙasar da ke kusa da teku: Suluƙ, Maƙrun, Buraiƙa, Aƙila da sauransu. Yunwa da cuta da bulala da igiyar rataya suka yi ta ɗauke su. Masanin tarihi ɗan Italiya Angelo Del Boca ya ƙiyasta waɗanda suka mutu da kimanin 40,000, wasu masanan kuma sun kai adadin sama da 60,000. Dabbobin da rayuwar makiyaya ta dogara a kansu suka ƙare kusan ƙarƙaf. A Janairun 1931 aka ci Kufra, cibiyar Sanusiyya a can cikin hamada, a shekarar kuma aka shimfiɗa waya mai ƙaya ta kusan kilomita 270 daga teku zuwa Jagbub don toshe hanyar Masar. Ranar 11 ga Satumba 1931 aka kama Umar Mukhtar kusa da Sulunta bayan an harbe dokinsa, ranar 15 aka yi masa shari'ar jeka-na-yi-ka a Bangazi, washegari aka rataye shi a Suluƙ, a gaban dubban mutanen da aka tilasta wa tsayawa su gani.

Babban abin da fim ɗin ya yi, wanda kuma saboda shi nake cewa ya ci sunansa, shi ne ya tsaya a kan waɗannan sansanoni bai yi gaggawar wucewa ba. Mai ba da umarni, Mustapha Akkad, yana iya yin fim ɗin dawaki da harbe-harbe kawai, mutane su tafa su watse. Maimakon haka ya nuna korar jama'a, da ƙona gonaki, da cike rijiyoyi, da layin tantuna a bayan waya, har ya sako tsofaffin hotunan gaske masu baƙi da fari a tsakanin nasa, don mai kallo ya san abin da yake gani ba ƙirƙira ba ce. A lokacin da fim ɗin ya fito, wannan babi a binne yake a wajen mafi yawan mutanen duniya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu an gurfanar da manyan Jamus da Japan, amma ba a taɓa gurfanar da wani janar na Italiya kan abin da ya aikata a Libiya ba. A cikin Italiya kanta an daɗe ana renon tunanin cewa mulkin mallakarsu mai sauƙi ne, na gina tituna da noma, ba irin na sauran Turawa ba. Masana irin su Del Boca da Giorgio Rochat sun yi ta tono takardun gwamnati suna ƙaryata wannan, amma littafin masani iyakarsa 'yan boko. Fim kuwa ya shiga inda littafi ba ya shiga.

Hukumomin Italiya ma sun gane haka. A 1982 aka hana nuna shi a ƙasar da hujjar cewa yana zubar da mutuncin soja. Sai a watan Yunin 2009 wata tashar talabijin ta kuɗi ta nuna shi, daidai lokacin da Gaddafi ya kai ziyara birnin Rum da hoton kamun Umar Mukhtar manne a ƙirjin kakinsa, bayan yarjejeniyar Bangazi ta 2008 wadda Italiya ta yi alƙawarin dala biliyan 5 a matsayin diyyar zamanin mallaka. Kusan shekara 27 ƙasar da ke kiran kanta ta dimokuraɗiyya tana ɓoye wa 'ya'yanta fim. Ruwa ba ya tsami banza.

A ɓangaren sana'a kuwa, aikin ba na wasa ba ne. An kashe masa kimanin dala miliyan 35, kuɗi mai nauyi ƙwarai a wancan zamani, kodayake abin da ya dawo daga gidajen sinima na Yamma bai taka kara ya karya ba. Akkad haifaffen Halab ne a Siriya, ya yi karatun fim a Amurka, kuma shi ne ya yi The Message a 1976. Ya ɗauko Jack Hildyard, wanda ya taɓa cin kyautar Oscar, ya riƙe kyamara, Maurice Jarre ya tsara kiɗa. A Libiya aka ɗauki mafi yawan fim ɗin, da dubban mutane na gaske da dawaki na gaske, a zamanin da babu kwamfutar da za ta ninka mutum goma su koma dubu. Shi ya sa har yau ƙurar da ke tashi a fagen fama take kama da ƙura.

Amma ginshiƙin fim ɗin Anthony Quinn ne, wanda ya fito a matsayin Umar Mukhtar. Haifaffen Meziko, ba Balarabe ba, ba Musulmi ba, duk da haka ya gane wani abu da 'yan wasa da yawa ba sa ganewa idan aka ba su matsayin gwarzo: bai yi ihu ba. Ya yi tafiyar tsoho, ya yi zaman malami, yana cire tabarau yana mayarwa, yana magana ƙasa-ƙasa. Inda aka fara nuna shi, yara yake karantar da ayar ma'auni ta Suratur Rahman, kuma wannan ma'aunin ne ake ganin yana ƙoƙarin riƙewa har ƙarshe, musamman a wurin da ya hana yaransa kashe wani matashin hafsan Italiya da suka kama. Ganawarsa da Janar Graziani, kwamandan Italiya da ya yaƙe shi, bayan an kama shi, ɗaya a ɗaure ɗaya cikin kaki, ta fi duk wani artabu da ke cikin fim ɗin ƙarfi. A fassarar Larabci, Abdullahi Gais na Masar ne ya ara masa murya, kuma da yawa daga waɗanda suka haddace maganganun fim ɗin muryarsa ce ke kunnensu.

Ba duka ne ya yi daidai ba. Fim ɗin ya doshi awa uku, kuma a tsakiyarsa faɗace-faɗacen sun fara kama da juna: kwanton ɓauna, fashewa, sukuwa, a sake. Rod Steiger da ya fito a Mussolini ya cika zare ido da ɗaga murya. Abin da ya fi damuna shi ne, in ka cire Umar Mukhtar, 'yan Libiyan da ke cikin labarin ba su da zurfi. Ana ganin su suna mutuwa da jarumta, amma ba a san su ba. Hatta uwar da Irene Papas ta fito a matsayinta an fi amfani da ita a matsayin alamar baƙin cikin mata fiye da mutum mai tarihin kansa. Manyan matsayai kusan duk Turawa aka ba, suna magana da Ingilishi, domin kasuwar Yamma aka nufa, kasuwar da a ƙarshe ba ta karɓa ba.

To, batun farfaganda fa? Gaskiya ne gwamnatin Gaddafi ce ta zuba kuɗin, kuma ba don Allah da Annabi kaɗai ta zuba ba. Amma wanda ya biya kuɗi daban, gaskiyar abin da aka nuna daban. Tambayar ita ce ko an ƙaga wa Italiya laifin da ba ta yi ba, amsa kuwa a'a. Sansanonin, da wayar kan iyaka, da rataye mutane a bainar jama'a, duk suna cikin takardun Italiya da kanta, Graziani ma ya rubuta littafi a 1932 yana alfahari da yadda ya murƙushe Barƙa. In ma an yi son kai, to sassauci aka yi musu. An nuna hafsoshin Italiya masu tausayi, an nuna lauyan soja da ya kare Umar Mukhtar da gaske a kotu, wanda kuwa a tarihi sai da aka hukunta shi saboda wannan kariyar. Graziani na fim, wanda Oliver Reed ya fito a matsayinsa, mutum ne mai girman kai da rashin imani, amma yana girmama abokin gabarsa. Graziani na gaske shi ne wanda a Fabrairun 1937, bayan an yi yunƙurin kashe shi a Adis Ababa, aka kashe dubban Habashawa a ƙarƙashin mulkinsa cikin 'yan kwanaki, sannan aka bi limaman majami'ar Debre Libanos aka karkashe. Hukuncin shekara 19 da aka yanke masa a 1950 na haɗa kai da Jamus ne, bai shafi Afirka ba, kuma 'yan watanni ya yi aka sake shi.

Ba a abin da fim ɗin ya faɗa gizo ke saƙar ba, a abin da ya yi shiru a kai ne.

Ɗauki Pietro Badoglio. Fim ɗin ya nuna Mussolini ya naɗa Graziani gwamnan Libiya a 1929, ya ɗora masa komai. A tarihi Badoglio ne gwamna daga 1929, Graziani mataimakinsa ne a Barƙa daga Maris 1930. Badoglio ne ya zauna da Umar Mukhtar a tattaunawar Sidi Rahuma a Yunin 1929, kuma shi ne ya rubuta umarnin raba mayaƙa da jama'a a Yunin 1930, yana sane da cewa hakan na iya halaka al'ummar. Na fahimci cewa mai labari yana son mugu guda ɗaya da gwarzo guda ɗaya su fuskanci juna. Amma wannan sauƙaƙawar ta mayar da manufar gwamnati ta koma kamar halin mutum ɗaya, ta kuma wanke wanda ya fi kowa tsira. Badoglio ya zama firaministan Italiya a 1943, ƙasashen ƙawancen da suka yaƙi Jamus suka yi hulɗa da shi, ya mutu a gidansa a 1956, garinsu har yau yana ɗauke da sunansa.

Haka kuma kyamarar ta fi tsayawa a kan fararen sojoji, alhali kaso mai yawa na waɗanda suka yi wa Italiya yaƙin ƙasa a Barƙa askarawan Iritiriya ne da 'yan Libiya da aka ɗauka aiki. Mulkin mallaka a ko'ina a Afirka da hannun 'yan Afirka ya ci 'yan Afirka, kuma fim da ke son ya koyar da yadda aka yi mana bai kamata ya sassauta wannan ba. Yaƙin ya raba dangi, ya raba ƙabila. Mayaƙan ma ba da lallami kaɗai suka riƙa karɓar ushiri ba, sukan kai wa waɗanda suka ba Italiya haɗin kai hari. Fim ɗin ya tattara duk wannan ruɗani ya ɗora a kan mutum ɗaya, Sharif Garyani, tsohon abokin Umar Mukhtar da ya koma ɓangaren hukuma. Shi kansa Umar Mukhtar an tsarkake shi har ba a ganin shakka ko fushi ko kuskure a tare da shi. Mutumin da ya san cewa ci gaba da yaƙinsa na nufin ƙarin gawawwaki a sansani, lalle ya kwana da tunani mai nauyi, kuma da an nuna wannan nauyin da girmansa ya ƙaru a idon mai kallo.

Giɓin da ya fi kowanne girma shi ne Sanusiyya, kuma a nan ne hannun mai kuɗin ya fito fili. Gaddafi ya hau mulki ne ranar 1 ga Satumba 1969 ta hanyar kifar da Sarki Idris, shugaban wannan ɗariƙa. Gwamnatinsa na son Umar Mukhtar, har ta sa hotonsa a takardar dinari 10, amma ba ta son gidan da ya fito. Saboda haka mutum zai kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe da ƙyar ya fahimci cewa wannan dattijo almajirin Sanusiyya ne, a makarantarsu ta Jagbub ya yi karatu, su suka naɗa shi shehin zawiya, kuma da sunan Idris yake yaƙi a matsayin wakilinsa. Ba a ce iyalan Sanusi ba su da abin zargi ba. Idris yana Masar lokacin da ake mutuwa a kan dutse, ɗan'uwansa Muhammad Rida ya miƙa wuya a 1928, ɗan Ridan kuma ya karɓi sharuɗɗan Italiya bayan tattaunawar 1929. Ana iya faɗin duk wannan. Amma cire ɗariƙar daga labarin ya bar tambayar da fim ɗin ba zai iya amsawa ba: ta yaya malamin ƙauye ya haɗa ƙabilun da ba sa ga maciji da juna, ya ciyar da runduna shekara takwas? Jarumta kaɗai ba ta yin wannan. Zawiyoyi ne suka yi, da amanar da aka gina cikin shekaru kusan 80, da tsarin zakka, da hanyoyin fatake. Italiya ta san haka, shi ya sa ta fara da rufe zawiyoyin kafin ta kwashe mutane.

Wannan giɓi ya fi shafar mu fiye da mai kallo a Landan ko Rum, domin ta nan ne labarin ya taɓo ƙasashenmu. Hanyar fataken Sanusiyya ta tashi daga Bangazi ta bi Kufra ta gangara Wadai. Shugabansu Muhammad Mahdi ya mayar da mazauninsa Kufra a 1895, sannan Guro a arewacin Cadi a 1899, kuma Umar Mukhtar na cikin waɗanda aka tura can, ya riƙe zawiyar Ain Galaka. Wato kafin ya fuskanci Italiya, ya riga ya ga yadda Faransa ke cin ƙasa a kudancin Sahara, a shekarun da aka gwabza a Bir Alali ta ƙasar Kanem. Ita dai wannan ɗariƙar ce ta tsaya wa Kawusan, jagoran Abzinawa da ya yi wa sansanin Faransa a Agadas ƙawanya daga Disamban 1916 tare da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, har sai da dakaru suka taso daga Damagaram a Maris 1917 suka karya ƙawanyar, Turawan Ingila kuma suka taimaka daga Najeriya. Matashin da ya kalli fim ɗin a Agadas ko Damagaram ko Kano zai tashi yana ganin labarin wata ƙasa mai nisa ne, alhali yaƙin da aka yi a kan tsaunukan Barƙa da wanda aka yi a ƙofar Agadas reshe biyu ne na gwagwarmaya ɗaya. Tsawon fim ɗin da ihun Mussolini abubuwa ne da zan iya yafe wa Akkad, amma wannan shirun ban yafe ba, domin siyasar mai biyan kuɗi ce ta jawo shi, ba buƙatar labari ba.